Makunnan Murhun Umma

Litinin, 5 ga Mayu

Yaya ya kira ina tsakiyar aiki, layi har ƙofar kantin magani. Wai jiya maman 'yan biyu, maƙwabciyar Umma, ta ji warin gas a matattakala, ta buga ƙofa, ta tarar da Umma a falo tana ninke kaya, kicin kuwa ya cika taf. Karo na biyu ke nan cikin wata ɗaya. Na farkon ba wanda ya ga dacewar gaya mini sai yau.

Ya riga ya yanke hukunci kamar yadda ya saba. A cire murhun, a rufe gidan, Umma ta koma wurinsa. Akwai ɗaki, akwai mai aiki, ba za ta ƙara taɓa ashana ba. Na ce masa matar da ta ƙare rayuwarta a gaban tukunya, ita za ka ajiye a ɗaki a riƙa miƙo mata faranti kamar baƙuwa? Ya ce to in ina da wata dabara in faɗa. Bakina ya riga hankalina, na ce ai murhun ne ya tsufa, Umma lafiyarta ƙalau, a ba ni zuwa ƙarshen wata in gyara.

Ya ce ƙarshen wata. In aka sake, ba zai ma kira ni ba, mota kawai zai turo.

Ni da ko nawa murhun ban san ranar da na goge shi ba.

Talata, 6 ga Mayu

Awa tara a tsaye. Ƙafafuna kamar ba nawa ba. Ban je ba.

Alhamis, 8 ga Mayu

Na biya bayan an tashi. Hawa uku, ina isa ƙofa ina haki. Umma ta buɗe, ta dube ni daga sama har ƙasa, idonta ya tsaya a kan takalmina. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce in cire shi a waje, yanzu ta goge ƙasa. Shekarata arba'in da huɗu, amma a ƙofar nan har yau ni ce Auta mai shigo da datti.

Maganar gas kuwa ta ce ba a yi ba. Maman 'yan biyu ce kawai, tun da ta haihu komai wari yake mata.

Na shiga kicin. Baba ne ya sayo murhun nan shekarar da na gama sakandare, fari mai kai huɗu, da tanda a ƙasa wadda ta daɗe da mutuwa, yanzu tukwane ake ajiyewa a ciki. A ido fes yake, sai ka ga fuskarka a jikinsa. Amma da na ƙyasta ashana sai wutar ta fito ja-ja tana rawa, gefe ɗaya ma bai kama ba, gindin butar shayi duk ya yi baƙi. Wallahi daɗi na ji, na kama mai laifi.

Na ce ranar Asabar zan zo in kwance shi in wanke. Ta ce, “Ke? Ke da ko cokali sai an bi bayanki?”

Abin da ya sa ke nan na kama ɗaki ni kaɗai shekara shida da suka wuce, don in ajiye cokalina inda na ga dama.

Asabar, 10 ga Mayu

Ranar hutuna ɗaya tal a mako, na kai ta kicin ɗin Umma.

Abokiyar aikina, wadda mijinta ke sayar da tukwanen gas, ita ta rubuta mini yadda ake yi a bayan takardar magani. Na bi ɗaya bayan ɗaya. Na kulle tukunyar gas, na buɗe taga. Na sauke ƙarafan ɗora tukunya, na cire murafen kawunan, na cire kawunan su kansu, na jiƙa duka a ruwan ɗumi da sabulu. Umma na zaune a kan kujera a bakin ƙofa, wai ba ruwanta, amma duk abin da na ɗaga sai ta yi tsaki.

Inda ido yake gani ta gama da shi tun tuni. Inda ba ya gani ne abin yake. Ƙananan ramukan da wuta ke fita ta ciki, rabinsu a toshe da maiƙo da busasshiyar madara da garin gogewarta. Na zauna a ƙasa da tsohon buroshin haƙori da allura, rami bayan rami, har wuyana ya ƙage. A ramuka uku na zaro karyayyen tsinken sakace. Na nuna mata. Ta ce da shi take buɗe su tun kafin in san dama da hagu, allura kuma ta ɗinki ce, in na gama in mayar mata da abarta inda na ɗauko.

Mun kuma yi rigima a kan shanya. Ita tana wankewa take mayarwa da danshinsu. Takardar ta ce sai sun bushe ƙayau, kuma kowane murfi ya zauna daidai, kada ya karkace. Na jera su a taga awa guda, ita kuma tana ta mita wai rana ta yi ba a ɗora komai ba.

A nan ne ta tashi, ta kama makunnan murhun guda huɗu, ta fizgo su ɗaya-ɗaya, ta zuba a roba ta hau dirza da soson ƙarfe. Ashe haka take yi duk Asabar, shekara ashirin da shida. Na dubi gaban murhun inda ta cire su, fari tas. Sai na tuna da can akwai ɗan baƙin zane kusa da kowane makunni mai nuna kan da yake kunnawa, da layin da ke nuna an kashe. Babu ko ɗaya yanzu, tsabtar Umma ta cinye su.

Da muka mayar da komai na gwada. Na murɗa na biyu ina zaton na gaba ne, sai ga huci yana fitowa ta baya. Ni mai tabarau na ruɗe, balle ita. Ka murɗa wannan, ka kai ashana wancan, ka ga bai kama ba, ka murɗa wani, na farko yana can yana zuba. Shi ke nan fa!

Wuta ta fito shuɗiya, zagaye cif a duka huɗun. Na ce Umma dubi. Ta leƙa ta ce, “Da ma haka take.”

Na kira Yaya na zayyana masa komai. Ya ce, “To.”

Lahadi, 11 ga Mayu

Bayana. Farcena biyu sun karye. Har yanzu hannuna ƙarnin tsohon maiƙo yake.

Laraba, 14 ga Mayu

Na roƙi awa biyu a wurin aiki, na kai mai gyara. Dattijo ne mai sanyin magana, jakarsa ta girmi murhun. Umma ta sa shi cire takalmi, ta sa shi wanke hannu, duk ya yi.

Ya kaɗa ruwan sabulu ya shafa a jikin tiyo tun daga bakin tukunyar gas har bayan murhu, ya ce in zuba ido. A wuri ɗaya kumfa ta riƙa tasowa ƙanana-ƙanana. Tiyon ya bushe ya tsattsage, ya ce irinsa ba a barinsa ya wuce 'yan shekaru, wannan kuwa ya ga jiya ya ga yau. Ya sa sabo, ya matse bakinsa, ya sake shafa sabulu, ba kumfa. Ya yaba wankin da na yi wa kawunan. Rabon da wani ya yaba mini wanki, ban ma tuna ba.

Da na raka shi matattakala na ce in Yaya ya kira shi ya gaya masa tiyo ne ke yoyo. Ya ce zai faɗi abin da ya gani.

“Amma Hajiya, wannan ɗan yoyon ba ya cika kicin. Sai an bar kan murhu a buɗe.”

Na ce ai na san dalilin wannan, alamun ne suka goge. Ya ce haka ne, Allah ya ƙara wa Mama lafiya. Yadda ya faɗa ɗin ne bai yi mini ba. Wa ya tambaye shi?

Asabar, 17 ga Mayu

Na sayi jan farce, ni da ban taɓa shafawa ba. Kusa da kowane makunni na zana 'yan da'ira huɗu, na cike wadda ke nuna kansa. Na ja layi a jikin makunnin, na ja wani a sama inda ake kashewa. Layi ya haɗu da layi, an kashe. Umma na tsaye a kaina tun farko har ƙarshe, na yi mata bayani sau biyu, ta gwada da hannunta, ta ce ba laifi. Daga bakin Umma ba laifi ai lambar yabo ce.

Na dawo gida da wuri. Na kwanta a kan kujera ba wanda ya ce in sauke ƙafa. Ina son shirun ɗakin nan, Allah ya sani.

Talata, 20 ga Mayu

Ta goge su.

Duka. Gaban murhu ya koma fari tas, har da alamar karcewa inda ta dirza. Na tsaya da jaka a kafaɗa ina kallo. Ita kuwa da alfaharinta, wai wani ƙazami ya ɗiɗɗiga mata jan abu a murhu, ta kusa awa guda kafin ya fita, wataƙila mai gyaran nan ne.

Na ce Umma ni ce fa na zana, ranar Asabar, kina tsaye. Ta dube ni. Ba irin kallon da take yi mini in za ta yi faɗa ba, wani ne daban, na ɗan lokaci kaɗan. Sai ta ce to ai sai in riƙa faɗa kafin in ɓata wa mutane kaya.

Taurin kai ne. Tun muna yara ba ta son a taɓa mata kicin. Taurin kai ne kawai.

Alhamis, 22 ga Mayu

Na sake zanawa. Na rubuta da manyan baƙaƙe a takarda na manna a bango: JAN ZANEN NA AUTA NE, KADA A GOGE. Ta karanta ta ce rubutuna har yau kamar na kaza.

Yaya ya kira. Na ce komai daidai, ban kawo maganar gogewar ba. Me zan ce, an yi tsabta?

Asabar, 24 ga Mayu

Yau ta yi kyau, bari in rubuta kada in manta.

Zanen yana nan. Mun yi wankin Asabar tare, ni da kawuna da buroshi, ita da makunnanta, na ƙwace soson ƙarfen na ba ta tsumma mai laushi. Ta yi mita amma ta karɓa. Sannan muka dafa shinkafa da miya. Na bi hannunta da ido: ta murɗa daidai, ta ƙyasta, ta rage wuta ba tare da ta ko duba ba. Gishiri da yatsa uku, bai taɓa yin yawa ba, bai taɓa yin kaɗan ba. A gaban murhun nan ba tsohuwa ba ce. Bayanta ma miƙewa yake.

Ta ce na yanka albasa kamar da gatari. Na yi dariya har da hawaye, na ce albasar ce.

Saura mako ɗaya wata ya ƙare. Da na dawo na tsinci kaina ina goge nawa murhun, abin da ban yi ba tun bara.

Talata, 27 ga Mayu

Ban san ta inda zan fara ba.

Biyar da rabi na yamma. Tun a hawa na biyu na ji warin gas. Ban san yadda na ƙarasa ba, ni mai haki a kowace matattakala. Na buɗe da makullina, warin ya doke ni har idona ya kawo ruwa. Abin da mai gyara ya ce ya dawo mini: kada a taɓa makunnin lantarki, kada a ƙyasta komai. Na toshe hanci na shiga, na kulle tukunyar gas, na bankaɗe tagogi, na kamo hannun Umma daga falo na fitar da ita matattakala ba ko takalmi.

Da iska ta shiga na koma na duba. So nake in sami abin ɗora wa laifi. Babu. Zanen ja yana nan raɗau. Buta tana kan kan gaba na dama, makunnin kan gaba na dama ne a buɗe, ba kuskure ko kaɗan. Kwalin ashana a gefe, da tsinke ɗaya a kansa wanda ba a ƙyasta ba. Ta murɗa daidai, ta zaro ashana, sai kawai ta tafi.

Tana zaune a matattakala, ƙafafunta a kan siminti, ta ɗago ta ce, “Ruwan bai tafasa ba ne, Auta?”

Warin ma ba ta ji ba. Na tambaye ta, ta shaƙa, ta ce ita ba ta jin komai.

Maƙwabta ba sa nan, ƙofarsu da kwaɗo. Ba wanda ya sani sai ni. Na dafa mata shayin da kaina, na kulle tukunyar gas kafin in fito, ko da yake na san ta fi ni sanin yadda ake buɗewa. Tsoro nake ji, kuma haushi nake ji, ban san na wa ba.

Laraba, 28 ga Mayu

Yaya ya turo saƙo: “Lafiya dai?” Na rubuta: “Lafiya lau.”

Alhamis, 29 ga Mayu

Na haɗu da maman 'yan biyu a matattakala, ɗaya a baya, ɗaya a kafaɗa, ga leda a hannu. Na karɓar mata ledar. Ta tambayi jikin Mama, ta ce ta ga ina ta zirga-zirga, Allah ya ba da lada. Ba ta yi ƙorafi ba, da ma ta yi.

A bakin ƙofarta ne ta ce, cikin jin kunya, wai sun mayar da gadon yaran falo. Bangon ɗakinsu shi ne bangon kicin ɗin Mama, mijinta ya ce a matsar kawai don hankali ya kwanta. Ta ce kada in ji komai.

Yarinyar da ke kafaɗarta ta kama igiyar jakata tana tsotsa. Watansu bakwai. Na yi wa Yaya ƙarya, na yi wa kaina, amma wannan ban iya haɗa ido da ita ba.

Juma'a, 30 ga Mayu

Na je da safe kafin aiki, na je da yamma. Sau biyu na tarar ta buɗe tukunyar gas ɗin da na kulle. Ba abin da ya faru, amma a kanti na miƙa wa wani mutum maganin da ba nasa ba, Allah ya sa abokiyar aikina ta gani.

Na gaji. Yaya yana da mota da mai aiki da ɗakin baƙi, ni ƙafa gare ni, kuma ni ce ƙazamar gidan. Me ya sa sai ni? In na faɗa masa gobe mota za ta zo, Umma za ta zauna a ɗaki mai sanyi tana jiran faranti, na san ba za ta yi wata shida a haka ba. In na yi shiru kuma, ga bangon nan.

Asabar, 31 ga Mayu

Na je da niyyar in yi wanki in kira Yaya, ban shirya abin da zan ce wa kowa ba.

Mun kwance murhun kamar kullum. Ina ƙasa da buroshi, ita tana wanke makunnai a roba, sai ta ce ba tare da ta juyo ba, “Ranar nan me ya sa kika fitar da ni waje ba takalmi?”

Na zaci ta manta. Na so in ce ba komai. Sai na ji na gaji da ba komai ɗin. Na gaya mata duka: buta, ashanar da ba a ƙyasta ba, warin da ba ta ji ba, karo biyun farko, motar Yaya, har gadon 'yan biyu da aka mayar falo. Ina jiran ta ce ƙarya nake, ko ta ce mai gyara ne.

Ba ta ce ba. Ta tambaya ko yaran lafiya. Na ce lafiya. Ta ci gaba da wanki, ta ɗauraye makunnan, ta goge su ɗaya-ɗaya da tsumma har cikin raminsu. Na mayar da kawuna, na daidaita murafe, na matsa mata ta mayar da nata. Sai ta shimfiɗa tsumma mai tsabta, ta jera su huɗun a kai, ta ƙulle bakinsa, ta je falo ta buɗe jakata ta saka.

“Kada ki bar su a gidan nan. Duk inda kika ɓoye zan nemo, kin san ni.”

Na ce to da me za ki yi girki, Umma?

“In kin zo sai mu dafa.”

Ta ɗauki tsumma ta hau goge gaban murhun, tana kewaye jan zanen a hankali don kada ta taɓa shi. Ƙarafa huɗu ne kawai a tsaye inda makunnan suke, yatsunta ba za su iya murɗa su ba. Na shiga banɗaki na kunna famfo na yi kukana.

Na kira Yaya daga matattakala, na gaya masa har da ta ranar Talata. Ya yi faɗa, yana da gaskiya, na bar shi ya gama. Sannan na kai kan maganar makunnan. Ya ce ita da kanta? Na ce ita da kanta. Muka tsayar: murhu ya zauna, Umma ta zauna, zai kawo butar lantarki mai kashe kanta saboda shayi, zai kuma kai ta wurin likita ranar Alhamis. Tukunyar gas za a sa mata kwaɗo.

Ya ce to ke kullum za ki riƙa zuwa ke nan? Na ce ina, ni ma ina da rayuwata. Sau uku a mako, ranar da ban zo ba in bar mata dafaffe.

Talata, 3 ga Yuni

Jakata ƙara take in na ajiye. Abokiyar aikina ta ce me nake yawo da shi haka, na ce kayan gado.

Umma ta kira sau uku kafin azahar. Wai an shigo an sace mata makunnan murhu, duka huɗu, wane irin ɓarawo ne wannan. Na ce suna wurina, ke kika ba ni. Ta ce, “Ni?” Sannan ta ce to in zo da su, yunwa take ji, abincin jiya ba ya ciyuwa.

Yau ba ranar zuwana ba ce. Na je.

Alhamis, 5 ga Yuni

Likita ya faɗi sunan abin. Na san sunan, ina miƙa maganinsa a kanti kusan kullum. Ba zan rubuta shi yau ba.

Mun dafa ƙwai da yamma. Ta ce na cika mai.

Asabar, 7 ga Yuni

Wankin Asabar. Wuta shuɗiya a duka huɗun, na shafa ruwan sabulu a tiyo, ba kumfa. Na ƙara wa layin makunni na uku ja, ya fara dusashewa. Da muka gama girki ta wanke su da kanta ta miƙo mini, yau ba tambaya.

Na leƙa ɗakina da rana na ɗauko kayan aiki na mako da matashin kaina, saboda na Umma yana sa mini ciwon wuya. Ba wai na dawo ba ne. Hawa ukun nan ne ya yi mini yawa safe da yamma, gara in hau sau ɗaya. Ɗakin yana nan da shirunsa, na tsaya a tsakiya na ɗan saurara, sai na tuna ban gaya mata inda na tafi ba.

Ɗazu na kama ta da buroshin haƙorina a hannu za ta nufi murhu da shi. Na ƙwace da kyar. Ta ce ita ina za ta bambance, biyu ne a gidan yanzu kuma duk kamarsu ɗaya.

Na ɗiga wa nawa jan farce a gindi, na mayar da shi kofi kusa da nata. Na kwana biyu ne kawai.